Yabon Gwaggo Pelenaise

Ni da Lesieli mun daɗe muna zaman kasuwa a Neiafu, garinmu a ƙasar Tonga, teburina na abarba da kankana yana manne da nata na kiekie, adon ƙugun mata. Ni mai baki ce, kowa ya sani. In mai saye ya latsa min abarba ya ajiye, sai ya ji abin da bai fito da shirin ji ba. Ita kuwa Lesieli ko kaza ce ta hau mata tebur sai ta ba ta haƙuri kafin ta kore ta. Mutane suna mamakin yadda muka shirya da juna, ni ma wani lokacin ina mamaki.

A tsibirin Kapa aka haife ta. Mahaifinta masunci ne, ya rasu tana 'yar makaranta. Ta tashi a ɗakin saƙar matan ƙauyensu, inda ake zaunar da yarinya ta yi ta tsaga kaba har yatsunta su yi kanta kafin a yarda ta taɓa tabarma. Aure ne ya kawo ta cikin gari. Mijinta Maka yana tafiya Ostareliya tsinkar lemo, ya yi watanni a can, ya dawo da tumbi da labaran da ba wanda ya tambaye shi. Ita ce ke riƙe da gida da yara da saƙarta.

Tabarma ba ta taɓa shiga ranta ba, kiekie ne sana'arta. Mu nan Tonga mace ba ta shiga coci ko taron biki ƙugunta a sake, sai ta ɗaura kiekie a kan siket, igiyoyinsa na ado suna sauka har gwiwa. Masu yi suna da yawa, amma na Lesieli daban ne. Tana jiƙa ɓawon itace a teku har ya yi fari tas, ta murza shi siriri, ta goge ɓawon kwakwa har ya yi sheƙi, ta jera ƙananan wuri ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a Neiafu kowace mace tana da 'yar'uwa mai saƙa. Baƙin da jiragen shaƙatawa ke saukewa kuma su ɗaga, su yi hoto da shi, su ajiye su wuce. Masu saye na gaskiya suna ƙetare, a biranen Okland da Sidni, 'yan'uwanmu ne da ke can suna neman na gida ruwa a jallo.

Shekarar da Maka ya dawo mata da waya mai kyamara ta buɗe shafi a Fesbuk. Hoton farko a tsakar gida ta ɗauka, ta rataye kiekie a igiyar shanya da rana tsaka. Hoton ya fito fari fat, ba ka gane saƙa ba ka gane igiya, a baya kuma ga aladen maƙwabta ya tsaya yana kallon kyamara. Mutane sun yi magana sosai a ƙarƙashin hoton, duk aladen suke tambaya. Wani daga Okland har cewa ya yi a ajiye masa shi zuwa Kirsimeti.

Na yi dariya har na kusa faɗowa daga kujera. Lesieli ba ta yi fushi ba. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, "Seini, su ba su da laifi. Alade na nuna musu, alade suka gani."

Daga ranar ta mai da ɗaukar hoto aiki sosai, kamar saƙar kanta. Ta ware safiyar Laraba, kafin rana ta yi ƙarfi, a inuwar mangwaron bayan gidanta. Ta gane farin zare ya fi fitowa a kan abu mai duhu, sai ta sayi yadi shuɗi, domin baƙi na makoki ne, in ta shimfiɗa shi mutane za su fara kiran waya suna tambayar wa ya rasu. Kafin ta danna komai sai ta goge idon kyamara da bakin rigarta, ta leƙa kusurwa-kusurwa ta tabbata ba bokiti, ba takalmin yara, ba dabba. Tun wata bai kama ba ta san abin da za ta nuna a cikinsa. Ƙananan kiekie kafin Lahadin yara, masu launin makarantu kafin yaye ɗalibai, na amare kuma gab da Disamba, lokacin da 'yan ƙetare ke ɗaura aurensu. Kowane ɗaya tana ɗaukarsa daga nesa, ta matso har a iya ganin ƙulli, ta ɗauki hannuwanta suna cikin aikinsa, sannan ta ɗauke shi a jikin mutum.

Mutumin nan ni ce. Kuma ni ce mai riƙe murfin tukunya da muka lulluɓe da takardar ƙyalli, ina karkato haske inda ta ce.

"Ɗaga sama kaɗan, Seini. A'a, ya yi yawa. Yauwa, tsaya haka."

"Hannuna ya mutu fa. Ni ba sandar shanya ba ce."

"Haƙuri, saura ɗaya."

"Tun ɗazu kike cewa saura ɗaya. Ko a makaranta haka aka koya miki ƙirga?"

In an zo na jiki sai ta ɗaura min, ta ce in ja numfashi ciki. Ba ta taɓa ɗaukar fuskata ba, daga ƙirji zuwa gwiwa ne kawai, amma duk da haka wata da muka yi firamare tare ta rubuto daga Sidni, "Ashe Seini tana nan da ranta." Na yi kwanaki ban yi wa Lesieli magana mai daɗi ba.

Aikin ya yi albarka. Saƙonni suka fara shigowa, kiekie suka fara bin matafiya zuwa ƙetare, Lesieli ta gyara rufin kicin ɗinta ba ta jira dawowar Maka ba. Na taya ta murna har cikin raina, domin na ga yadda take zama bayanta ya ƙage tana murza zare. A daidai lokacin ne ɗan Gwaggo Pelenaise da ke Amurka ya aiko wa uwarsa waya.

Gwaggo Pelenaise yayar mahaifin Lesieli ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ba sai an gaya wa ɗan Tonga matsayin 'yar'uwar uba ba. A biki ita ke zama a sama, tabarmar da ta fi kyau tata ce, saman kek nata ne. 'Ya'yan ɗan'uwanta da abin hannunsu duk a ƙarƙashinta suke. In ta dubi abinka ta ce ya yi kyau, magana ta ƙare, sai ka naɗe ka kai mata har gida. Ita kuma wannan gwaggon ga jiki ga murya, tsohuwar malamar firamare ce, in ta yi gyaran murya a coci har fasto sai ya gyara tsayuwa.

Muna zaune a kasuwa wayar Lesieli ta yi ƙara. Ta duba, na ga fuskarta ta sauya, ta miƙo min. A ƙarƙashin hoton wani kiekie mai wuri an rubuta, "Kai! Wannan ya yi kyau, 'yata," ga furanni da zukata jere a baya. Da a gida aka faɗa, mutum yana iya yin tari ya nuna bai ji ba. Wannan kuwa a rubuce yake, a gaban Neiafu da Okland da Sidni. Da yamma Lesieli ta naɗe shi ta hau tudun da gidan Gwaggo yake ta kai.

Mako na gaba ma haka, na bayansa ma haka. Duk wanda ya fi kyau, shi Gwaggo ke yabawa, domin idonta bai tsufa ba. Lesieli ta koma sa hoto a lokacin da ta san Gwaggo tana wajen koyon waƙar coci, amma ana tashi daga waƙa yabo ke faɗowa. Akwai lokacin da Gwaggo ta yi shiru na 'yan makonni, muka ce Allah ya ji kukanmu. Sai ga ta ta dawo da furanninta fiye da da.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Kawo wayar nan in toshe ta."

"Ki toshe wa?"

"Gwaggon taki mana. Danna nan, danna nan, shi ke nan, ba za ta ƙara ganin ko zare ba."

Lesieli ta dafe ƙirji, ta waiga ko wani ya ji. "Seini, ki ji tsoron Allah. Yayar babana? Ita fa ta raɗa min suna."

"To sai ki yi ta saƙa mata har ki makance. Wai ita shago za ta buɗe ne?"

"Rage murya, don Allah."

"Ba zan rage ba. Hannuna ne ke riƙe murfi, ƙuguna ne ke shan kunya a duniya, wata tana kan tudu tana tara kaya."

Ta yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa. Tana son Gwaggo, wannan ba ƙarya ba ne, kuma tana tsoronta. Sana'ar ce dai take tsiyayewa tana kallo.

Ita ce da kanta ta samo dabara, ba tare da ta yi wa kowa rashin kunya ba. Ta daina sa hoton abin da ke gida. Za ta ɗauki hotuna ranar Laraba kamar kullum ta adana, sai kiekie ya bar tsibirin sannan ta fitar da su. Gwaggo ta yaba, Lesieli ta amsa, "Na gode Gwaggo, ai kuwa ya riga ya hau jirgi." Ba ƙarya a ciki, ba raini. Har ta koyi yadda ake ba waya rana da lokaci, hoto ya fita da kansa ko tana bakin teku tana wanke zare. Tana alfahari da wannan sosai. Takan ce min, "Kin gani? Ina barci shafina yana aiki." Muka samu watanni na kwanciyar hankali.

Sai aikin amarya ya zo. Wata yarinya ce mai suna Heilala, haifaffiyar Okland, mahaifiyarta 'yar nan yankinmu na Vava'u ce da ta rasu. Ta ce ba ta son na shago, tana son ta ɗaura abin da aka jiƙa a ruwan garin uwarta. Lesieli ta karanta saƙon, ta ajiye duk wani aiki. Watanni ta yi a kansa. Zaren ya yi siriri kamar na ɗinki, ta saƙa ƙananan furanni a kowace igiya, tsakiyar kowane fure da ƙwanson teku mai ƙyalli wanda ta fere da hannunta. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ni ba mai saurin yabo ba ce. Ranar hotonsa ko ƙuguna ba ta bari ya kusance shi ba.

"Yau hutu gare ki," in ji ta. "Riƙe murfi kawai."

"Wato na yi masa ƙiba."

"Ban ce ba."

"Idonki ya ce."

Biki ya matso sosai. An shirya wata mata da za ta bi jirgin ruwa ranar Alhamis zuwa Nuku'alofa, babban birninmu, daga can ta hau na sama zuwa Okland, ita za ta tafi da shi. Lesieli ta tsara hotunan su fita safiyar Juma'a, ta rubuta a ƙasa cewa na amarya Heilala ne, Allah ya ba da zaman lafiya. Ranar Alhamis iska ta taso, teku ya yi fushi, jirgi bai tashi ba. Kowa ya koma ɗaure rufi da kwashe shanya. Matafiyar ta ce a bar kayan a hannun mai shi tukuna, gidanta yana yoyo. Lesieli ta kwashe yara, ta rufe tagogi, ta manta sarai da abin da ta gaya wa wayarta.

Safiyar Juma'a iska ta ɗan lafa, muka fito kasuwa. Ina jera abarba wayar Lesieli ta fara ƙara ba tsayawa. Ta duba, ta zauna a kan kwandon kankanata ba ta ma sani ba. Hotunan sun fita, sun yi kyau har sun gaji, mutane sai zuba yabo suke. Na farko a jerin kuwa Gwaggo Pelenaise ce: "Wannan ya fi duk wanda kika taɓa yi. Ya yi kyau, ya yi kyau, ya yi kyau." Kiekie kuma yana gida a kan gado.

Na ce, "Rubuta mata ya hau jirgi."

"Jirgin da ake hangowa daga barandarta?"

"To ce mata na amarya ne."

"A rubuce yake, Seini. Malama ce, ta iya karatu."

"To goge hoton!"

"Duniya ta riga ta gani."

Ta yi tagumi. In ta hana Gwaggo, ta zama yarinyar da ta fifita ciniki a kan yayar ubanta a gaban kowa, kuma wannan suna ba ya goguwa a Vava'u. In ta kai, marainiyar Okland za ta shiga coci ba abin da aka yi mata alkawari, ba kuma lokacin saƙa wani. Wa zai sake yarda da shafin da ya nuna kayan amarya ya ba wata? Na ji tausayinta ƙwarai.

Can ta miƙe ta kakkaɓe siket. "Zan kai mata."

"Amaryar fa?"

"Zan kira ta in roƙe ta gafara. Ban san me zan ce mata ba." Muryarta ta karye. "Amma ba zan iya hana Gwaggo ba, Seini. Ba zan iya ba."

Na rufe teburina da buhu, na zaɓi abarba mafi girma, domin ba a shiga gidan manya hannu rabbana. Na ce tare za mu.

"Sai kin yi min alkawari ba za ki buɗe baki ba."

"Na yi alkawari zan yi ƙoƙari."

Muka biya gida ta naɗe shi a farin yadi, muka hau tudu. Gwaggo tana zaune a kujerarta a baranda, tabarau a hanci, ga jirgi can ƙasa a tasha yana lilo. Muka cire takalma muka zauna a ƙasa, muka lanƙwashe ƙafafu gefe. Aka gaisa, aka tambayi yara, aka tambayi Maka, aka yi maganar iska. Sannan Lesieli ta matsa da gwiwa ta ɗora ƙunshin a cinyar Gwaggo da hannu biyu.

Gwaggo ta buɗe, ta duba.

"Wannan ba na yarinyar Okland ba ne?"

"Naki ne, Gwaggo," in ji Lesieli, kanta a ƙasa.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani na yi. Amma da na ji abin da ƙawata ta ce, sai alkawari ya tsinke. Na ce, "Gwaggo, a gafarce ni. Ni ba 'yar ƙanenki ba ce, don haka zan faɗa. Yarinyar nan ta yi watanni ba ta miƙe bayanta ba. Amaryar marainiya ce. Duk wanda ya fi kyau ke, duk wanda ya fi kyau ke, wai ba za a bar mata ko ɗaya ba?"

Lesieli ta mintsine ni har sai da na ji a ƙashi. Gwaggo ta sauke tabarau ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ce mai ƙugun?"

"Ni ce."

"Na gane shi. Tashi ki buɗe min kabad ɗin can na falo, tunda ƙarfi ya yi miki yawa."

Na tashi na buɗe. Kiekie ne rataye reras, kowane a cikin leda, duk na gane su domin duk sun bi ta jikina. Biyu ne kawai aka taɓa ɗaurawa, sauran ko igiyarsu ba a kwance ba.

Gwaggo ta ɗaga murya daga baranda. "Kin gani? To ki gaya min, ƙugu nawa Allah ya ba ni?"

Na dawo na zauna. Ta juya ga Lesieli.

"Na farko ina so. Na biyu ma ina so, ba zan ɓoye ba. Da kika hau tudun nan da na uku, na ce yau na shiga uku, me zan yi da yarinyar nan? In mayar miki, gari ya ɗauka na raina kyautar 'yar ƙanena, in bar ki da kunya. Sai na ce bari in kama bakina. Na yi shiru, na yi shiru, ina gani ina haɗiyewa. Matan coci suka tare ni a bakin ƙofa, wai Pelenaise me Lesieli ta yi miki, kowa na yaba mata ke kin ɗaure fuska? Har fasto sai da ya yi wa'azi a kan yafiya yana kallona."

Dariya ta kusa ƙwace min, na danne.

"Da kika fara cewa ya hau jirgi, kin ɗauka ban gane dabararki ba? Daɗi na ji. Na ce madalla, yarinyar nan tana da kai. Sai nake yabona hankali kwance. Yau da safe ina kwance na ga hoton, na rubuta kafin in ɗaga labule. Da na ɗaga na ga jirgi a tsaye, na ce shi ke nan, Pelenaise, sa ruwan shayi, tana hanya."

Lesieli ta ɗago kai a karo na farko. "Gwaggo, me ya sa ba ki gaya min ba?"

"Ke me ya sa ba ki tambaye ni ba?" Ta cire tabarau gaba ɗaya, muryarta ta yi ƙasa. "Mai sayar da kifi tana da ikon cewa aikinki ya yi kyau. Wanda bai taɓa ganinki ba a Sidni yana da iko. Ni da na ɗauke ki ranar da aka haife ki, ni kaɗai ce in na buɗe baki sai in zama mai ƙwace. Kin san ciwon wannan?"

Kunya ta kama ni. Na yi shekara ina zagin matar nan a zuciyata, wani lokacin ma a fili.

Gwaggo ta share ido da bayan hannu, ta mayar da tabarau, ta koma malamarta. "To. Wannan nawa ne yanzu?"

"Naki ne, Gwaggo."

"Kowa ya shaida? Ke mai ƙugu, kin shaida?"

"Na shaida."

"To tunda nawa ne, abin da na ga dama zan yi da shi. Ban mayar miki ba, ki ji da kyau, ni ba na mayar da kyauta. Na ba amarya. Ki kai wa matafiyar nan, a gaya wa yarinyar ya bi ta hannun Pelenaise, kuma na sa masa albarka. Cinikin da ke tsakaninku ba ruwana, ku ƙarasa abinku."

Lesieli ta rufe baki da hannu biyu. Ni kuwa na saki guɗa har kajin maƙwabta suka watse.

Jirgi ya tashi washegari, Heilala ta ɗaura kiekienta a ranar aurenta, ta aiko da hotuna tana kuka tana dariya. Amma ni ba wannan ne ya fi zama a raina ba. Lesieli ta miƙa hannu za ta naɗe ƙunshin, sai Gwaggo ta buge mata hannu.

"Ina za ki? Zauna. Yanzu ba nawa ba ne, ba naki ba ne, ba abin da za ki sake hawowa tudu ki kawo min. Yau sai na faɗi abin da ke bakina."

Ta shimfiɗa shi a cinyarta, ta ɗago igiya ɗaya zuwa haske. "Dubi wannan ƙullin. Ko alamar inda ya fara ba a gani. Dubi farin zaren nan, wa ya iya jiƙa shi haka a duk Vava'u? Furen nan kuma, ke Seini matso ki gani, kowane da nasa kunnuwa, ba wanda ya fi wani. Wannan ƙwanson da hannu aka fere shi, na san yatsun da suka sha yanka a kansa. Ya yi kyau, 'yata. Hannunki ya yi kyau. Da ubanki yana raye da ya bi gari gida-gida yana nunawa har mutane su gaji da shi."

Ta bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya ba ta tsallake ko guda ba, shayi ya huce ba wanda ya taɓa. Lesieli na zaune a ƙasa, hannuwanta a kan cinya, hawaye na zuba ba ta share ba. Da Gwaggo ta kai igiyar ƙarshe ta tsaya ta ja numfashi, sai na ji muryar ƙawata can ƙasa-ƙasa.

"Ƙara, Gwaggo."

Gwaggo ta gyara tabarau, ta koma igiyar farko.